Geron Hajiya da Tsakuwar Injiniya

A shekararsa ta biyar a Kuala Lumpur, Malam Muttaka ya yanke shawarar cewa tunda digirinsa na uku ya ƙi tsirowa, gara ya shuka wani abin da zai tsiro. Shekarunsa arba'in da bakwai, malamin jami'a ne a gida, an turo shi bincike a kan kankare a wata jami'a da ke Jalan Semarak. Shekara uku aka ɗebar masa. Babi na huɗu na kundinsa kaɗai ya je ofishin sufabaiza ya dawo sau tara, har Muttaka ya fara yi masa kallon yaron da ya ƙi zaman makarantar kwana.

Ɗan manomi ne, amma gona a hawa na goma sha huɗu a Bukit Jalil sai dai a mafarki. Barandar gidan ba ta wuce ta shanya kayan yara ba. Ana haka sai wani ɗan ƙasar da suke lab ɗaya ya ba shi sirinji cike da wani ruwa mai dishi-dishi, ya ce irin laimar kwaɗi ne, wadda ake ci. Ba ta son rana, ba ta son ƙasa, ba ruwanta da taki. Hatsi kawai take so a cikin kwalba, da duhu, da a ƙyale ta. Muttaka ya ji kamar shi ake siffantawa.

"Laimar kwaɗi?" in ji matarsa Saudatu, ranar da ya shigo da kwalabe goma sha biyu a kwali. "Wadda akuya ma ke tsallakewa a bayan gari?"

"Wannan ta ci ce, Maman Afnan. Cendawan, in ji mutanen nan. Ba ke ce kike sayowa a kasuwar Chow Kit ba?"

"To ai ka faɗa da bakinka. Ina sayowa. Tuli-tuli ake kasa ta, ba wanda ya hana ka."

"Ta kasuwa daban, wadda mutum ya noma da hannunsa daban."

"Allah ya ba da sa'a, sarkin noma. Tukunyata dai a wanke mini ita in an gama."

Aikin, kamar yadda ya koya, ba shi da wuya a baki. A wanke hatsi, a jiƙa shi kwana guda, a tafasa shi daidai yadda zai yi taushi bai fashe ba, a baza shi ya sha iska har in an ɗora shi a kan takarda ba zai bar danshi ba. A zuba a kwalba, a huda murfin a toshe da auduga, a dafa kwalaben a tukunyar firesha awa ɗaya da rabi. In sun huce a ɗiga musu ruwan sirinjin, a kai su duhu. Sai jira. In an dace, wani farin zare zai mamaye hatsin kaf, shi ne za a juye cikin garin katako ya fitar da laima. Duk rikicin yana wajen zaɓen hatsin.

Da shinkafa ya fara, tunda ita ce a gaban kowa a ƙasar nan. Ya buɗe tukunya ya tarar da tuwo a cikin kwalba, mai kyau kuwa, miya kawai ya rasa. Ya koma masarar gugguru. Ƙwayoyinta manya ne, zaren ya yi mako uku yana lallaɓawa daga wannan zuwa waccan kamar tsoho a kan duwatsun rafi, kafin ya kai tsakiya baƙin tabo ya riga shi. Ya sayo alkama a Chow Kit. Kwana shida ta yi tsami, ta cika ɗakin da warin safar ɗan ƙwallo, har Saudatu ta kunna turaren wuta ba tare da ta ce uffan ba, wanda ya fi masa ciwo a kan a ce ta yi magana.

Sai ya karanta cewa ƙananan ƙwayoyi sun fi, gero ne sarkinsu. Ya shiga kasuwa yana tambayar gero da Turanci, aka yi ta nuna masa gaba har ya tsinci kansa a shagon masu sayar da tsuntsaye. Mai shagon ya tambaye shi wane irin tsuntsu yake kiwo. Muttaka ya ce ba tsuntsu ba ne, laimar kwaɗi ce. Mutumin ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce, "Boleh, boleh," wato ba laifi, da muryar da ake lallashin mara lafiya, ya auna masa wata tsaba rawaya haɗe da ƙwayoyin da shi kansa bai san sunansu ba. Wannan kuma kore ta yi shar, kwalba shida.

"Kore ma ai ci gaba ne," in ji Saudatu. "Aƙalla ya yi kama da gona."

To a ɗan sitonsu na kicin, bayan buhun shinkafa, akwai wani shuɗin bokiti mai murfi. A cikinsa akwai gero kilo takwas, geron gida, wanda mahaifiyar Saudatu, Hajiya Raudatu, ta aiko daga Gumel domin kunun azumi. Ba a surfa shi ba, don Hajiya ta ce surfaffe ba ya jure ajiya. Sirajo ne ya kawo shi, wani ɗalibin digiri na uku mai yawan zuwa gida, wanda duk dawowarsa sai ya taho da rabin Arewa a akwati: kukar wance, daddawar wance, tsamiyar wance. Ranar da geron ya iso Saudatu ko ɗaurin buhun ba ta kwance ba. Ta saka shi a bokiti, ta zagaye murfin da salatif, ta ce, "Wannan sai an ga wata."

Muttaka ya yi kwana huɗu yana wuce bokitin nan yana yi masa sallama a zuci. A rana ta biyar, Saudatu ta tafi ta'alim ɗin mata, ya ɓare salatif ɗin a hankali, ya ɗebi gwangwani ɗaya. Ɗaya tak. Don gwaji. Ai ko ɓera ya fi haka ɗiba, ya faɗa wa kansa, kuma ɓera ba don ilimi yake yi ba.

Kwana biyar, farin zare ya bayyana. Kwana goma, kwalbar ta koma kamar an cusa mata auduga. Babu tsami, babu kore, sai wani ƙamshi kamar na ƙasa bayan ruwan farko. A cikin wadirof ya ɓoye ta, ƙarƙashin babbar rigarsa ta Sallah, yakan buɗe ƙofa ya tsuguna yana kallonta. Shekara biyar a ƙasar nan, wannan ne abu na farko da ya yi aka karɓa ba gyara.

Da a nan ya tsaya, da babu labari. Amma in akwai abu ɗaya da sufabaiza ya dasa masa a ka, shi ne sakamako guda ba sakamako ba ne, sai an maimaita. Ya maimaita da kwalba uku. Suka yi. Ya ce uku ba za su gamsar da kowane kwamiti ba, ya yi shida. Daga nan ya ƙaro kwalabe. Duk ranar ta'alim sai tukunyar firesha ta hau wuta, kafin Saudatu ta dawo ya wanke ya kife, in ta tambaya ya ce tsabar tsuntsayen nan ce yake sake gwadawa. Bokitin ya fara sauƙi a hannu. Don kada a ɗaga shi wajen shara a gane, Muttaka ya ɗauko tsofaffin kwafin babi na huɗu, duka tara, da jan biron sufabaiza a jikinsu, ya shimfiɗa su a gindin bokitin ya ɗora buhun a kai. Nauyi ya dawo daidai. A karon farko babin ya yi wa wani amfani.

Saura kwana goma sha biyu azumi, suna karin kumallo, Saudatu ta ce, "Ranar Asabar zan buɗe geron Inna in jiƙa, in yi gasara in shanya. Ba na son azumi ya same ni ina fama da bilenda."

Muttaka ya ajiye kofin shayinsa. Abin da ya rage a buhun bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

A wani mamak, irin gidan shayin Indiyawa, kusa da makaranta ya samu Sirajo yana yagar roti. Ya zayyana masa komai, yana magana ƙasa-ƙasa kamar Indiyawan da ke hidima suna jin Hausa. Sirajo ya yi dariya har ya buga teburi.

"Oga! Geron Hajiya? Wanda na bar takalmana biyu a Kano saboda shi? Ka ba wa mushroom?"

"Rage murya mana. Research ne."

"Research kuwa, har da funding daga Gumel. To tashi mu je. Wallahi you are lucky da ni ka zo wa."

Suka hau monorel zuwa Chow Kit. Sirajo ya ratsa da shi ta bayan masu kifi, ya shige wani lungu, ya tsaya a wani ɗan shago na Ba'indiye mai ƙamshin kori. Ya ce da mai shagon, "Kambu." Mutumin ya miƙo leda. Muttaka ya juya ta a hannu, ya ɗaga ta sama wajen haske. Gero ne. Gero sosai, irin na gida, launin toka mai ɗan kore-kore, ba a surfa ba.

"Tun yaushe ake sayar da wannan a nan?"

"Tun kafin a haife ka, ina jin. Su ma kunu suke yi da shi."

Muttaka ya tuna tuwon kwalba, da warin safa, da kallon da mai tsuntsaye ya yi masa. Taku ɗari biyu ne tsakanin shagunan biyu. Ya sa aka haɗa masa leda shida.

Suna fitowa Sirajo ya huda leda ɗaya, ya zuba a tafin hannu, ya tona da yatsa. Sai ya girgiza kai.

"Akwai problem, Oga."

"Me kuma?"

"Ya fiye tsabta. Duba mana, kamar nas ce ta wanke shi. Ka taɓa ganin geron gida babu tsakuwa? Madam na zuba shi a ruwa ta ji shiru, asirinka ya tonu."

Muttaka ya tsaya cak a tsakiyar kasuwa, masu tura kaya suna ce masa ya kauce. Gaskiya ne. Ya tuna mahaifiyarsa tsugune da ƙwarya biyu tana regaya, tana karkaɗa ruwa a hankali, gero na gangarawa, tsakuwa na taruwa a gindi tana ƙaras-ƙaras. A ƙasa ake sussuka, a ƙasa ake sheƙa. Geron da ba tsakuwa ai bai taɓa ganin Arewa ba.

Kuma in dai maganar tsakuwa ce, a duk Hausawan Kuala Lumpur babu na biyunsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci lab ba kowa. Muttaka ya sa farar rigar aiki, ya auna ƙwayar gero ashirin da ma'auni ya fitar da matsakaicin girmansu. Ya ɗebo niƙaƙƙen dutse daga tarin da suke kwaɓa kankare da shi, ya jera rariyoyin ƙarfe, ya kunna injin girgiza. Abin da ya wuce rariya ta sama ya tsaya a ta ƙasa, shi ya kwasa. Ya wanke, ya saka a oven, don haka ƙa'ida ta ce, kuma shi ba ya aikin algus. Yawan da za a zuba ne ya ɗan ba shi wahala, tunda babu wanda ya taɓa wallafa bincike a kai. Ya rufe ido ya tuno gindin ƙwaryar mahaifiyarsa, ya tsayar da kashi ɗaya cikin ɗari. Ya auna a sikeli, har ya rubuta a littafinsa, saboda sabo.

Da safiyar Asabar Saudatu ta raka yara islamiyya. Muttaka ya shimfiɗa leda a tsakar falo, ya juye ragowar geron Hajiya, ya juye na Ba'indiye, ya barbaɗa tsakuwa, ya juya sau uku daga gefe zuwa tsakiya yadda ake haɗa siminti da yashi. Ya mayar buhu, ya ɗaure, ya kwashe babi na huɗu, wanda yanzu yake ƙamshin rumbu, ya rufe bokiti da sabon salatif.

Da ta dawo ta shiga kicin. Yana falo riƙe da kwamfuta, bai ga harafi ko ɗaya ba. Ya ji an ɓare salatif. Ya ji zubar hatsi a roba, ya ji an buɗe famfo. Sai shiru, mai ɗan tsawo. Can ya ji ta jawo kujera ta sauko da ƙwaryarta daga saman kabad. Daga nan sautin ya fara: ƙaras, ƙaras, ƙaras. Wani daɗi ya ratsa Muttaka tun daga ƙeya. Ko a Gumel sai haka.

Ta leƙo tana goge hannu. "Abban Afnan, ka kira mini Sirajo ya zo cin abincin rana gobe. Ban taɓa yi masa godiya yadda ya kamata ba a kan geron nan."

"Ai kuwa ya kamata," in ji Muttaka, har da gyaɗa kai irin na dattawa.

Sirajo ya zo da yunwarsa. Aka yi tuwon shinkafa miyar kuka, ya ci malmala uku yana sa albarka. Wajen ƙarfe uku, lokacin hantsi ya fara ɗagawa a gida, Saudatu ta ce bari ta kira Inna su gaisa da ɗan saƙonta. Ta jingina wayar da filas a tsakiyar teburi. Fuskar Hajiya Raudatu ta cika gilashin, da tabarau a karan hanci, zakara na cara a bayanta. Aka gaisa. Muttaka ya zame daga kujera ya rusuna, Hajiya ta kawar da kai ta amsa wa gefen ɗaki, don shekara goma sha shida ke nan ba ta taɓa kallon surukin nata ido cikin ido ba, ba ta kuma taɓa kama sunansa ba.

"Inna, gero ya yi kyau, Allah ya saka," in ji Saudatu. "Sai dai tsakuwa. Kin ga abin da na fitar a mudu ɗaya kawai."

Ta ajiye wani ɗan faranti a gaban wayar. Tsakuwa ce a ciki, wankakkiya, tana ƙyalli.

Hajiya ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. "Wace tsakuwa? A gerona?"

"A cikinsa, Inna."

"Ke Saudatu, ki kiyaye ni. Kwana uku na yi a kan geron nan. Sau biyu aka rege shi, aka shanya a tabarma, na zauna da faifai da tabarau na tsince shi ƙwaya-ƙwaya har bayana ya riƙe. Yaron nan ya ce kilo takwas kaɗai akwatinsa zai ɗauka. To zan cika masa akwati da dutse ne? Ko tsakuwa ɗaya kika samu a ciki, wannan gero ba nawa ba ne."

Muttaka ya saci kallon Sirajo. Sirajo ya daina tauna.

"To in ba naki ba ne, Inna, na wa ne? Ni dai yadda aka kawo haka na rufe."

"Ina ɗan saƙon? Juyo mini shi." Saudatu ta juya wayar. "Kai ɗan nan, ina ka kai gerona?"

"Hajiya, wallahi tallahi yadda kika ba ni..."

"Na san gwaggonka Juwairiyya, gidanta na bayan asibiti. Yau ɗin nan zan aika a kira ta. A ba ka amana ka musanya a hanya?"

"Kuma ga matan garin nan duk shi suke ba wa saƙo," in ji Saudatu cikin jimami. "Dole in sanar a group, kada a cuci wata."

A nan fa Malam Muttaka ya yi wani tunani, ya kuma daɗe a cikinsa fiye da yadda ya dace da mai shekarunsa. Sirajo matashi ne. Zai warke. Mata za su yi surutu wata ɗaya su manta, ya ma huta da dakon daddawa. Kuma in aka bi diddigi, wa ya kawo shawarar tsakuwar?

"Oga," in ji Sirajo, "say something now."

Muttaka ya yi gyaran murya. "Wato, a gaya wa Hajiya, wani lokaci a hanya ne. Buhu ya ɗan huje, wajen lodi, ƙasa ta shiga..."

"Yawwa, Inna, ga masanin duwatsu a zaune ma mun manta," in ji Saudatu. Ta tura farantin gabansa. "Duba mana, Abban Afnan. Ni dai na ce tsakuwar bakin kwata ce, irin wadda ake sharowa a tasha. Ko wankewa wanda ya zuba bai yi ba. Aikin ƙazami ne, wanda bai san abin da yake yi ba. Dubi, manya da ƙanana, an kwaso kawai an watsa."

Ƙarya ce, kuma ƙaryar ta fi ƙarfin Muttaka.

"Ina manya da ƙanana a nan? Duba da kyau mana! Duk girmansu ɗaya, ko ɗaya ba ta fi wata ba. Giranit ne wannan, ba shi a Gumel ma sam, ƙasarku yashi ce. Tsakanin rariya biyu aka tace shi, aka wanke sau uku, aka gasa a oven..."

Ya tsaya. Zakaran Gumel ya sake cara.

"Saudatu," in ji Hajiya a hankali, tana kallon gefe, "tambaye shi, wa ya gasa?"

"Inna na tambaya wa ya gasa."

Tazarar da ke tsakaninsa da wayar ba ta fi kamu ɗaya ba, amma sai da ya jira aka isar masa da saƙon. Ya sunkuyar da kai. "A ce mata ni ne."

Sirajo ya sauke numfashi, ya jawo malmala ta huɗu.

"Shekara biyar," in ji Saudatu, "ina kwashe irin tsakuwar nan daga aljihunka da cikin injin wanki. Ina sa hannu a ruwan nan na gane ta kamar 'yar uwata. Abin da ban sani ba shi ne inda geron Inna ya tafi. Sai ka faɗa mana."

Babu yadda ya iya. Ya shiga ɗaki ya dawo rungume da kwalabe, ya koma ya ƙaro, ya sake komawa, har goma sha tara suka jeru a kan teburi, farare tas kamar alhazai a filin jirgi. Ya yi bayani, yana kallon filas, Saudatu na isarwa duk da kowa ya ji.

"Ce masa ya matso da ɗaya." Ya matso. Hajiya ta daɗe tana dubawa. "A nan in hatsi ya yi wannan furfurar, rumbun ake ƙonewa."

"A ce mata furfurar ake nema."

"Ikon Allah. Kuma don wannan gwamnati ta kai shi?"

"A'a, wannan na gefe ne."

"To me ya sa sai nawa? Garin ba hatsi ne?"

"A ce mata na gwada shinkafa ta ƙi. Masara ta ƙi. Alkama ta ruɓe. Na tsuntsaye ya yi kore."

Hajiya ta gyara zaman tabarau. "Duk sun ƙi?"

"Duk."

"Nawa ne kaɗai ya yi?"

"Shi kaɗai. Kwana goma ya cika kwalba. Ko ɗaya ba ta lalace ba."

Hajiya ta gyara mayafi, ta ɗan ɗaga haɓa, ta juya tana magana da wata da ba a gani a bayanta. "Kin ji ko, Halimatu Sadiya? Har a Maleshiya. Geron gonar gabas ne, na gaya muku ba irinsa." Ta juyo. "To, ya dai san abu mai kyau, wannan ba a hana shi ba. Ɗan saƙo, ka yafe ni. Shi kuwa, Saudatu, ki gaya masa wanda ya zuba shi zai fitar. Da hannunsa. Kuma ki kira ni in gani."

Ranar Litinin Malam Muttaka bai je Jalan Semarak ba. Ya aika wa sufabaiza cewa yana aikin tace samfur a gida, wanda ba ƙarya ba ne. Ya naɗe hannun riga, ya tsaya gaban sink da ƙwarya da roba, waya na jingine a kan kwalin madara. Ashe regaya da ya yi shekaru yana kallo a tsakar gida yana ɗauka wasa ce, aiki ce mai digiri. In ya karkata da yawa tsakuwa ta bi gero. In ya rage, geron ya ƙi tafiya.

"Ce masa ya sassauta hannu, ba kankare yake kwaɓawa ba."

"Inna ta ce ka sassauta."

"Na ji."

"Ce masa ban ji ƙaras ba, ya sake wannan."

Sai bayan la'asar ya gama, bayansa ya riƙe daidai inda Hajiya ta ce nata ya riƙe. Da yake hali ba ya barin mai shi, ya busar da tsakuwar da ya fitar ya ɗora a sikelin kicin, ya gwada da abin da ya rubuta a littafi. Ta yi ƙasa kaɗan.

"Maman Afnan, ina ta cikin farantin nan ta jiya? Lissafina bai cika ba."

"Na zubar da wasu."

"Sauran fa?"

"Na adana."

Bai ƙara tambaya ba. Mutum a matsayinsa ba ya yawan tambaya.

Ranar ɗaya ga azumi aka kira magariba, Saudatu ta zuba masa kunun tsamiya a babban kofinsa. Ya kurɓa. Kunu ne na sosai, da citta da kanumfari, ya sauka har tafin ƙafa. Kashi biyu cikin uku na Ba'indiye ne, amma ba shi da bakin faɗa, ita kuma ba ta da niyyar yarda. Ya sha, ya sha, ya sa cokali zai kwashe na gindi. Ƙaras.

Ya ɗago cokalin. Tsakuwa ɗaya ce, giranit, wankakkiya, daidai girman ƙwayar gero.

"Saura ashirin da tara," in ji Saudatu, ta miƙo masa ƙosai.

Haka aka yi ta yi. Ya koyi shan kunu a hankali, yana barin kurɓi ɗaya a gindi. A tsakiyar wata laimar ta fito a jikin ledojin garin katako, tuli-tuli, har ta fi ƙarfin gidan, Saudatu ta riƙa aika wa maƙwabta tana cewa da geron Gumel aka yi kiwonta. Watan ya zo da ashirin da tara, Muttaka ya ɗauka ya ci ribar ɗaya. Ranar Sallah a filin idi ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa zai ciro carbi, ya ji tsakuwar a can ƙasa. Da ya dawo ya nuna mata, ta ce ai dama aljihunsa ne gidansu.